Akwatin sanaubar na Hajara

Ruwais, Rabi'ul Awwal 1387, bayan isha'i

Madalla da wannan hanci nawa. Shekara talatin yana ciyar da ni a kasuwar turare, ba a taɓa cusa masa jabun sandal ba. Shi ne cikin azumi, da ɗan sanyin nan, ya shinshina akwatin katakon sanaubar da matata Hajara ta rasu ta bari, ya yanke hukunci wai ƙamshin ya mutu. Na sayar wa Usman tela.

Yau da azahar na shiga shagonsa, zafi kamar gidan burodi. Kafin in yi sallama ƙamshin ya tare ni, wanda ke kama mayafanta duk bazara. Ashe barci itacen ke yi da sanyi, sai zafi ya taso ƙaron ya tsatso. Shekara ashirin yana ɗakinmu ban lura ba.

Na ce, "Usman, mayar mini da shi."

Ya ce, "Wallahi Alhaji, halas, magana ta ƙare. Kayan auren 'yata na ciki, jibi zai bi jirgin Bur Sudan. Amma zauna ka shaƙa, kyauta ne."

Na ce sauri nake yi. Saurin zuwa wajen wa?