Tauraro a Goshin Wanda Ya Rufe Baki

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Makarantun Ƙananan Yara
Daga: Mahaifiyar wata ɗaliba, ajin reno na biyu, makarantar da ke bayan ofishinku
Kwanan wata: 14 ga Maris, 2024

Game da: "Tsarin Natsuwa" da ake koyar da 'ya'yanmu da shi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. A ranar 8 ga Janairu na sa 'yata mai shekara huɗu a wannan makaranta. A gida Aku muke ce mata saboda surutu. Ni mai kitso ce, kuma mata kan manta da zafin kitso idan ta tsare su da tambaya.

2. Shugabar makarantar ta sanar da iyaye cewa ta halarci wani taron ƙara wa juna sani, ta dawo da sabon tsari. Na leƙa ta taga na gan shi da idona. Yara a jere, kowa da yatsa a kan leɓe, malama na nuna harufa da sanda, ita ke tambaya, ita ke amsawa. Wanda ya wuni bai ce uffan ba, a manna masa tauraron takarda a goshi. Wanda ya yi tambaya, a ɓare nasa. Madalla da wannan ilimi mai zurfi! In dai wannan ne karatu, ai kujerun ajin sun fi kowa ƙoƙari.

3. A ranar 4 ga Maris yarinyar ta dawo tana ɗingishi. Na cire takalminta, na tarar ƙusa ta huda safa, jini har ya bushe. Tun safe take taka ta, amma ba ta faɗa wa malama ba don kada a ɓare tauraronta. Da na kai kuka, Shugaba ta taya ni murna, wai yarinyar ta nuna juriya. A ƙarshen makon aka ba ta kyautar wadda ta fi kowa natsuwa. Har hoto aka ɗauka, ko kunya babu.

4. Ƙaninta ya fara koyon magana. Shekaranjiya, karo na farko, ya buɗe baki ya kira ta Yaya. Muna cikin murna, ita kuwa sai ta zaro ido a tsorace, ta ɗora yatsa a kan leɓensa. Wallahi, ranka ya daɗe, ɗaki na shiga na yi kuka.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a tura mai duba makarantu ba tare da sanarwa ba. Ba zai wahala wajen gane ajin ba, shi ne wanda zai rantse babu kowa a ciki. Ina kuma roƙon a soke wannan tsari, a bar yara su yi tambaya. Don Allah a hanzarta, domin shirun nan ya riga ya cinye mini ɗaya, ga shi ya fara bin na biyun.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mahaifiyar yarinyar, mai kitso