Inna Ta Rufe Waya a Kwalla

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka, Allah Ya raba ta da cikin nan lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara ya koma aiki, ni kuma ina nan ni da keken ɗinkina. Idon Inna ne dai sai a hankali. Likita ya ce na hagun ya riga ya tafi, na daman ma kada mu sa rai zai kai baɗi.

Kawu ya ce ka kai masa ƙara, wai Inna tana fushi da kai, ta daina ɗaukar kiranka na bidiyo. Wallahi ba fushi ba ne. Ka san da can kuɗin data na wata muke biya wa kamfanin waya, mu yi ta amfani son ranmu. Yanzu kamfanin ya koma awo, bidiyo kuwa zuƙe data yake kamar rairayi ya samu ruwa. Duk unguwarmu an ja baya da amfani da ita. Masu kawo min ɗinki sun daina turo hoton samfuri, sai mace ta zo tana zana min wuyan riga a iska da yatsa. Ni kuma da bakina da ba ya gajiya na yi ta mita a gaban Inna. Tun ranar ta kashe wayarta, ta sa a kwalla ta rufe. Duk datar da kake saya mata ta ce kada a taɓa, tari take yi, ranar da matarka ta haihu ta zauna ta kalli jaririn tun safe har yamma.

Auta, datar nan kwana talatin take yi ta mutu. Inna ta ɗauka kamar hatsi ne da ake ajiyewa a buhu. Wata huɗu tana tari, babu ko ɗigo. Na je shagon kamfanin na yi faɗa, matar da ke kan teburin ta ce haka tsarin yake, wanda ba ya mutuwa kuɗinsa ninki biyu ne. Jiya Inna ta tambaye ni ko tarin ya kai na yini biyu, na ce ya kai. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ranar haihuwa zan saya mata data ko nawa ce, wannan ba damuwa ba ne. Damuwata haihuwar saura wata uku, idon kuma kullum raguwa yake, ga shi ta hana kanta ganinka. Na kasa gaya mata gaskiya. Kai ne ɗan lelenta, naka take ji. Ka kira a wayata ranar Asabar da hantsi, lokacin ta fi gani, ka gaya mata da bakinka. Ka tsaya inda akwai haske, ka matso da fuskarka sosai.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, baban yara ma haka. Ka gaida maiɗakinka da kyau.

Yayarka,
Tela