Kwanon 'Yar Norway

Laraba da dare, Nuwamba 1984

Tsohuwar maƙwabciyarmu ta sake ƙwanƙwasa ƙofa yau, na yi shiru kamar ba na nan. Ta ajiye kwanon miyar kifi, ta juya da sandarta. Takaba ba ta hana ni buɗe wa mace ƙofa ba. Tsoro nake ji, don ba na jin Turanci, mijina Malam ne ke mana tafinta kafin ya rasu.

Ranar da muka tare a Greensboro ta ƙasar Amurka ta ce ita 'yar Norway ce. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce sunan ƙasarsu na nufin hanyar arewa. "Kin ga, Binta, ita ma 'yar Arewa ce. Ki riƙe ta."

Ban riƙe ta ba. Gobe zan soya ƙosai, in kai mata a kwanonta da hannuna.