Matar da Malam Ya Rubuta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya lafa, yaranki kuma suna lafiya.

Littafin Malam ya fito. Duk inda na shiga sai a nuna ni, wai ni ce matar cikin labarin, wadda ta bar karatun jinya ta zauna da mijinta bayan haɗarin mota ba ta taɓa ɓata fuska ba. Har wata ta riƙe hannuna a kanti tana hawaye.

Yaya, ke shaida ce. Na ɓata fuska. Na taɓa jifan bango da kwanon wanke masa ƙafa. Akwai lokacin da in ya kira ni daga ɗaki sai in ƙara buɗe famfo don kar in ji. Ina sonsa, amma wannan baiwar Allah da ya rubuta ban san ta ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni: makarantar jinya ta sake karɓa ta, a wani gari mai nisa. Ban gaya masa ba. Sai share ɗakin da na riga na share nake yi.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na gode da amsarki. Na gaya masa.

Ya daɗe yana juya sandarsa, sannan ya ce shi bai zaci zan iya tafiya in bar shi ba. Na ce ta cikin littafin ce ba za ta iya ba, sai ya je ya auro ta. Kwanaki muka yi gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jiya na dawo daga kasuwa na same shi a tsakiyar matakalar bene, ya faɗi yana gwada hawa shi kaɗai, gwiwar hannunsa na jini. Na miƙa masa hannu ya ƙi. A nan zaune ya ce duk kukan da na yi a banɗaki ya ji shi. Ya kasa rubutawa ne, don in ya rubuta gajiyata dole ya rubuta wanda ya gajiyar da ni. Ya ce in tafi.

Na zaci zan ji sanyi. Wallahi tsoro na ji.

Taki, Auta

Yaya,

Ina gaishe ki daga ɗakin kwanan ɗalibai. Ya gida, ya jiki?

Karatu na tafiya, ko da yake 'yan ajinmu Anti suke ce min, ni ce kuma mai raba faɗa. Malam kan kira yana dariya, wai ya ƙona tukunya, farar rigar makarantar yara ta koma ruwan hoda.

Babbar 'yata ce ta tona min cewa ƙafar Malam ta kumbura, kuma ya hana a gaya min sai na gama jarrabawa. Na haɗa kayana, na kai har bakin ƙofa, na dawo na kwance. In na koma yanzu, faɗuwar da ya yi a matakala ta tashi a banza.

Don Allah ki je ki duba min shi, kar ki ce ni na aiko ki. Ki matsa masa ya ga likita. In kin tarar yana wanke-wanke, ki ja kujera ki zauna, ki bar shi ya gama.

A gaishe min da kowa.
Ƙanwarki, Auta