Ni Na Sa Aka Toshe Bututun Katangar, Amma Maginina Ake Zagi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu, manya da ƙanana. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma duk wanda zai ba ni amsa ya tuna da dattijo yake magana, mai shekara saba'in da huɗu, wanda bai saba kai kukansa gaban na baya ba. Kada ku yi gaggawar yanke mini hukunci, ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ni mutumin Jos ne gaba da baya. Haƙar kuza ce ta kawo kakana, a Gangare aka yanke cibiyata, daga bisani na gina gidana a Dutse Uku, a kan gangaren dutse, inda rufin maƙwabcinka na ƙasa yake daidai da tsakar gidanka. Shekara biyu da suka wuce ruwan damina ya soma zaizaye bayan gidana, ƙasa tana gangarawa gidan maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai shagon kayan masarufi, wadda zan kira Maman Bose. 'Ya'yana suka matsa lallai a yi katangar da za ta tare ƙasar, suka kawo mini wani injiniya matashi wanda na girmi mahaifinsa. Ya auna, ya tona, ya duba ƙasa, sa'an nan ya ce wannan ba irin katangar zagaye gida ba ce da za a jera bulo a tashi, katanga ce mai ɗauke da nauyin tudu. Sai an yi tushe mai faɗi, a ɗaura rodi a zuba kankare, a cika bayanta da tsakuwa, a jera bututu a ƙasanta domin ruwan da ya taru a baya ya sami mafita, a kuma yi kwata a gindinta ta kwashe ruwan zuwa titi. Bayan duk wannan, wai sai an kai zanensa ofishin masu tsara gari sun buga hatimi. Filina, dutsena, ƙasar da nake takawa tun kafin a haife su, sai na nemi izini kafin in tare ta? Wata uku ina zarya a wannan ofishi, ana ajiye ni a benci, yau a ce oga ya tafi Kuru kwas, gobe a ce fayil bai sauko ba. Na haɗiye, aka ba ni takarda. Izinin katanga mai tsawon ƙafa biyar aka ba ni.

Wanda ya yi aikin shi ne maginina, zan kira shi Tanko. Shekara talatin muna tare, shi ya ɗora tubalin farko na gidan nan. Da gini ya kai ƙafa biyar sai na tsaya na duba, na ga idan aka ƙara huɗu aka cike da ƙasa, bayan gidana zai zama fili shimfiɗaɗɗe da zan kafa rumfar karɓar baƙi. Tanko ya ce, "Alhaji, rodin nan da tushen nan na ƙafa biyar ne, a kira injiniya ya sake zane." Na ce, "In koma bencin can in sake wata uku? Tanko, ɗora bulo." Ya ɗora. Kwatar ma na hana a yi ta, domin sai na ja da baya na bar taku guda na filina kafin ta sami wuri.

Da damina ta sauka, bututun suka fara aikinsu, ruwa yana tsiyaya tsakar gidan Maman Bose tunda babu kwata. Ita kuwa maimakon ta aiko a yi mini magana a asirce kamar yadda ake yi wa manya, sai ta tare ni a bakin shagonta, ina dawowa daga masallaci tare da mutane, ta ɗaga murya da irin Hausarta ta ce, "Baba Alhaji, katanga naka yana fitsari a gida na! Kullum kullum yana fitsari!" Masu sayayya suka fashe da dariya, masu acaɓa suka ɗauka. Mako guda ba a yi ba sai da na ji ana kwatance da gidana, wai ka wuce katanga mai fitsari ka yi dama. Ni? A wannan shekarun nawa? Har gobe idan na tuna jinina tafasa yake, kuma har gobe ina cewa ba ta kyauta ba.

Na aika aka kira Tanko, na ce ya kwaɓa siminti ya toshe bututun nan duka, ya shafe bakinsu yadda ba za a gane an taɓa yin su ba. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ruwan nan idan bai fita ba katangar zai riƙa turawa. A yi kwatar mana, kwana biyu na gama." Na ce masa, "Ko ka toshe yau, ko in kira wani ya toshe, kuma kada ka ƙara taka gidana." Mu biyu ne kaɗai a wurin. Ya toshe.

Daminar bara ta wuce lafiya, har ina yi wa injiniya dariya a zuciyata. A watan Agustan bana aka yi kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta biyar bayan Azahar na ji ƙara kamar an fasa dutse da nakiya. Rabin katangar ya kife a kan kicin ɗin Maman Bose, tana ciki tana suya. Da hannu matasan unguwa suka tono ta. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta karye a wuri biyu, har yanzu tana kwance a asibiti.

A nan ne na aikata abin da ya sa nake wannan rubutu. Mai unguwa ya iso, jama'a sun cika, ya ce, "Alhaji, yaya aka yi haka?" Wallahi ban shirya ƙarya ba, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ni me na sani a gini? Na kawo injiniya, na karɓo izini, na miƙa wa magini takarda. A tambaye shi." Ba wanda ya yi shakka, domin a unguwar nan ba a taɓa kama ni da magana biyu ba. Tanko ya kwana biyu a hannun 'yan sanda. An karɓe aikin faɗaɗa makarantar Islamiyya da yake yi an ba wani. Yanzu idan ya wuce cewa ake ga mai cin siminti, ga wanda ya kusa kashe mata. Da na je duba Maman Bose ta riƙe gefen rigata tana kuka, ta ce, "Baba, kai ba laifi. Wannan Tanko, Allah zai tambaye shi." Na ce amin. Da bakina na ce amin! Wane irin dattijo ne wannan?

Haushi nake ji, kuma ban san a kan wa zan sauke shi ba. Ina jin haushin ofishin da ya wulaƙanta ni har na gwammace karya doka da in koma. Me ya sa ba su zo sun duba aikin ba bayan sun buga hatimin? Ina jin haushin matar da ta mai da ni abin dariya a titi. Ina jin haushin Tanko, ƙwarai kuwa, don me bai ajiye cokalin gininsa ya yi tafiyarsa ba? Ba shi ne masanin ba? Amma idan na gama zagaye duka sai in tarar ni ne a tsaye a tsakiya, ni na ce ɗora, ni na ce toshe.

Ranar Asabar mai zuwa za a zauna a ƙofar mai unguwa, da mutanen ofishin, da injiniya, da 'ya'yan Maman Bose. Injiniyan ya riga ya tono guntun bututu cike da siminti, ya kuma auna tsawon katangar. Tambaya ɗaya ta rage, wa ya ba da umarni, kuma an ce za a kai ga rantsuwa. Jiya da hantsi Tanko ya yi sallama a zaurena. Ya rame har wuyansa ya fito. Na ɗauka faɗa ya zo yi, na ma shirya masa amsa. Sai ya durƙusa inda ya saba durƙusawa, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sa'an nan ya ce, "Alhaji, ni ba zan kira sunanka ba, na ci abincin gidan nan da yawa. Abu ɗaya nake roƙo. Idan aka miƙo Alƙur'ani, kada ka ɗora hannu." Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Idan na yi shiru ranar Asabar, mutum mai 'ya'ya bakwai ya rasa sana'arsa da sunansa saboda ni. Idan na buɗe baki, zan tsaya gaban 'ya'yana da surukaina da 'ya'yan matar da na ce wa amin, in ce ni ne, kuma na yi ƙarya, sa'an nan hukuma ta yi da ni abin da ta ga dama. Shin in je wurin mai unguwa a keɓe tun kafin ranar? Ko in fara da gadon asibiti? Ko kuwa tunda a gaban jama'a na ɓata shi, a gaban jama'a ya wajaba in wanke shi? Kwana uku suka rage mini. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?