Tirelar da Wuta Ta Bari

Bakin teku, Oregon
Satumba

Zuwa ga Yaya Maxine,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Harlan da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na san kunnenki ba ya ɗaukar waya, shi ya sa na zauna rubutu, kada ki ga labarai a talabijin hankalinki ya tashi. Ni da Delbert lafiyarmu lau.

Mun fito yawon nan da ƙungiyarmu ta saba yi duk shekara. Kin san mu dai, tsofaffi 'yan fansho, kowa da 'yar tsohuwar tirelarsa ta kwana da ya gyara da hannunsa, ya ɗaura a bayan a-kori-kura. Tamu ita ce wadda Delbert ya tsinto a wata gona kaji na ƙwai a cikinta, kika ce ko kyauta aka ba ki ba kya so. Da kin gan ta yanzu, har fuskarki za ki gani a jikinta.

A motarmu muka taho da Nadine, maƙwabciyarmu, wadda ta yi miki kek ɗin tuffa lokacin da kika zo. Mijinta Orval ya shekara da shekaru yana gyaran tasu tirelar bai gama ba. Duk tafiyar da za a yi sai ya ce baɗi da su za a je, har mazan suka sa masa suna Sai-baɗi. Bana Nadine ta ce ta gaji. Ta ɗauko jakarta ta shiga motarmu, ta leƙo ta taga ta ce masa idan ya gama auren tirelar ya aiko mata da katin biki. Shi kuwa yana kwance a ƙarƙashin tirelar, ƙafafunsa kawai muke gani. Ya ɗago sifana ya kaɗa mana. Muka yi ta dariya har muka hau babban titi.

Muna nan muna cin gasasshen kifi da rana sai iska ta juya, sama ta yi ja, toka ta fara sauka a farantanmu. Clyde, shugaban ƙungiyar, ya kunna rediyo, muka ji gobarar daji ta gangaro kwarinmu, an ce kowa ya bar garinmu, Alder Fork. Delbert da Clyde suka kwance tireloli suka ɗauki mota ɗaya suka nufi gida, amma 'yan sanda sun tare hanya tun daga gada. Delbert ya roƙe su, ya ce akwai dattijo a can shi kaɗai. Suka ce ko 'yan kwana-kwana ma an janye su.

Nadine tana ta kiran wayar Orval. Da farko tana shiga ba a ɗauka, yanzu ba ta shiga sam. Tana cewa halinsa ne, wayar tana cikin akwatin kayan aiki. Mu ma haka muke ce mata. Ban san me zan yi ba ban da dafa kofi, na dafa har ba mai sha.

Ki sa mu a addu'a. Delbert yana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Darlene

Filin baje kolin amfanin gona
Ƙarshen Satumba

Yaya Maxine,

Ina gaisuwa, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ga saƙonki da rigunan sanyi, Allah ya saka. Shuɗiyar ta yi wa Nadine daidai.

Gidanmu ya ƙone, Yaya. An kwashe mu a bas an zagaya da mu cikin garin, ba a bari kowa ya sauka ba. Da bututun hayaƙi na gane namu. Injin ɗinkin Mama yana ciki, da hotunan duka. Delbert bai kalli wajen ba, ƙeyar direba ya zuba wa ido har muka fito.

An ba mu wuri a filin nan da ake baje kolin shanu da kabewa. Mun jera tirelolin kamar yadda muke jerawa a wajen yawo, don ba mu san wani tsarin ba. Abin da muka gyara don wasan ƙarshen mako shi ne gidanmu yanzu. Nadine tana kwana tare da ni, Delbert ya koma cikin mota, ga bayansa da ciwo. Na yi magana ya ce ai kujerar ta fi katifar daɗi. Ƙarya yake yi, ina ganin yadda yake fitowa da safe.

Ranar Lahadi wasu mata da miji suka tsaya da motarsu, suka shigo suna ɗaukar hoto, sun zaci nunin tsofaffin tireloli ake yi. Matar ta leƙo tamu tana yaba labule, ta tambaye ni ko muna yawan fita da ita. Clyde ne ya ce mata, "Baiwar Allah, wannan karon dai mun fito da ita sosai." Sai da ta ga layin karɓar abinci ta gane, ta kama ba mu haƙuri har ni na koma lallashinta. A layin nan nake tsayawa kullum, ni da na saba tsayawa a bayan tebur a coci ina zuba wa mutane.

Har yanzu babu labarin Orval. Amma daga tagar bas Nadine ta ga abu ɗaya: gidansu ya ƙone, sai dai babu ƙarfen mota ko na tirela a farfajiyar. Ke nan ya ɗaura ya fita. Tun ranar ta samu abin riƙewa. Ta ce yana can wani gari ya ɓata, don bai taɓa jan tirela ba, kuma ba zai tambayi hanya ba ko za a kashe shi. Mun bi asibitoci da makarantun da aka sauke mutane, mun ba da sunansa da hotonsa. Kowa sai ya rubuta ya ce za a kira mu. Duk motar da ta shigo ƙofar filin sai Nadine ta miƙe tsaye. Na daina ce mata ta zauna.

Kin ce mu taho Nebraska akwai ɗaki. Na gode, Yaya. Ba za mu iya motsawa ba sai an san halin da ake ciki.

Ki gaida Harlan, ki ce ya rage gishiri.

Taki,
Darlene

Oktoba

Yayata,

Da fatan kuna lafiya, ya sanyin wajenku? Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

An samu Orval. Mun binne shi makon jiya.

Tirelar aka fara gani. Akwai wani tsohon ramin da ake fasa dutse a bayan gari, fili ne na tsakuwa babu ko ciyawa. A tsakiyarsa ya ajiye ta, ya sa duwatsu ya tare tayoyin, ya kulle ƙofa. Wuta ta cinye duk abin da ke kewaye, ita kuwa ko fentinta bai tashi ba. Da ya zauna a cikinta da yana nan da ransa, haka wani jami'i ya gaya wa Delbert. Amma ya kwance motar ya koma gari. A kan hanyar gidan Opal aka same shi, tsohuwar nan da ba ta tuƙi, wadda yake kai wa itace. Ashe tun da safe 'yar ƙanwarta ta zo ta ɗauke ta. Babu wanda ya gaya masa, babu kuma wanda za a ce ya yi laifi.

Opal ta zo jana'iza a keken guragu. Ta riƙe hannun Nadine tana kuka tana cewa da ta sani da ta bar takarda a ƙofa. Nadine ta ce mata ko ta bari ba zai gani ba, tabaransa na karatu suna cikin jakarta, ita ta taho da su bisa kuskure.

Delbert da Clyde suka je suka jawo tirelar, aka ajiye ta kusa da tamu. Da suka buɗe sai ga daɓen katako an gama shi tsaf, an goge. Gado ya kafu, har da katifa a cikin ledarta. Kabad ne kawai babu ƙofofi, sai famfo da ba a haɗa ba. Mazan nan da suka shekara suna tsokanarsa suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Clyde ya shafa bango ya ce aikin ya fi nasa kyau, ya fita.

Nadine ba ta shiga ba. Idan za ta banɗaki sai ta zagaya ta bayan motoci don kada ta wuce ta gabanta. Na ce mata ko leƙawa ta yi, ta ga abin da ya yi mata. Ta dube ni ta ce, "Darlene, wurin wannan abar ya samar wa mafaka, bai samar wa kansa ba. Me zan gani?" Ban ƙara tayar da zancen ba.

Shi kuwa Delbert tun washegari ya kwashi kayan aikinsa ya shige ciki. Ya ce kafin sanyi ya kankama zai gama mata, ta samu wurin kanta. Tun da aka yi gobarar nan ban ga ya ci abinci da kyau ba sai yanzu. Na ga kamar alheri ne, na ƙyale shi.

Ruwan sama ya fara. Rufinmu yana ɗiga daidai kan murhu, na sa tukunya.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Darlene

Nuwamba

Yaya Maxine,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi, kuma Harlan ya warke daga murar.

Filin ya fara zama kango. Clyde da matarsa sun tafi wajen 'yarsu a Idaho, sauran ma kowa ya kama gabansa. Ranar da za su tafi aka tsaya ana cewa sai an haɗu a yawon baɗi, kowa yana gyaɗa kai. An liƙa sanarwa cewa za a rufe ruwa da wuta a ƙarshen wata.

Nadine ma ta tafi. Ɗanta Russell ya zo daga Arizona ya ɗauke ta. Kafin su tashi ya ja ni gefe ya ce mahaifiyarsa ba ta son tirelar, ba ta son a kai mata, ba ta son ko jin labarinta. Mu sayar, ko mu bayar, ko mu riƙe. Ya ce shi ba zai iya gaya wa Delbert ba, ni in gaya masa. Lokacin Delbert ya tafi gari neman marfin famfo irin na da. Nadine ta rungume ni ta ce in yafe mata kwanan da ta raba ni da mijina. Na ce ai munsharinta ya fi nasa sauƙi. Muka yi dariya, muka yi kuka, mota ta tashi.

Da Delbert ya dawo na ce masa ta tafi. Ya ce ba laifi, ta huta, idan ya gama sai mu ja mu kai mata har Arizona. Na buɗe baki zan gaya masa, Yaya, na ga yadda yake juya marfin famfon nan a hannunsa yana murna ya samu, sai na ce masa abinci ya yi.

Kin san Delbert. Bai yi kukan gida ba, bai yi kukan Orval ba. Ko sau ɗaya bai ambaci gadar nan da aka mayar da shi ba. Da gari ya waye yake shiga tirelar, sai duhu ya hana shi gani yake fitowa. Hannunsa ya tsattsage saboda sanyi, tarinsa kuma ba ya barinsa. Na ce mu je asibiti ya ce sai ya kafa ƙofofin kabad. Idan na gaya masa gaskiya ban san abin da zai tashe shi daga gado da safe ba. Idan kuma na yi shiru, ranar da ya gama zai ɗaura ta ya ce mu kama hanya. Kullum da shawara ɗaya nake kwana, in tashi da ɗayar.

Kin tambaya ko ki sa a gyara ɗakin. Ki sa a gyara, amma kada ki sa rana.

Jiya da yamma na kai masa kofi, na same shi durƙushe yana goge ƙofar kabad ta ƙarshe. Ya ce saura fenti. Ya ce ni da na kwana da ita wata biyu ai na san ranta, wane launi Nadine za ta so? Na tsaya da kofin a hannuna. Ya ɗago yana jira.

Na ce masa rawaya. Gobe da safe za mu je mu sayo.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Darlene