Kifayen Riƙo

Lahadi, 7 ga Yuli, 2024
Yau a ɗakin bincike na yi wa 'ya'yan kifi allura. Ƙwayoyin haihuwar wani kifin tarawut na duwatsun Maroko, wanda ya kusa ƙarewa a duniya, muke dasawa a cikin 'ya'yan tarawut na gama-gari. In sun girma, ƙwan wancan za su saka, ba nasu ba. Dokta Dalia, mai duba aikina, ta ce hannuna ba ya rawa. To me zai sa ya yi?

Talata, 9 ga Yuli
Yaya Ja'afar ya taso daga unguwarsu ta Ainu Shams da fatawarsa a aljihu. Wai canza halittar Allah nake yi. "Kifi ya haifi ɗan da ba nasa ba, ina nasaba?" Wai Juma'a ta sama zai kira Baba a Zariya, in tattara in koma gida. Daga fara karatun fiƙihu ya zama mufti a kaina!
Na ce, "Yaya, ni wa ya riƙe ni? Ba Gwaggo Fatu ba? Na daina zama 'yar Inna ne?"
Ya ce khalas, magana ta ƙare, ba ya musu da ƙanwa.
Ba inda za ni.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na yi hawaye a jirgin ƙasa na metro. Zafi ne kawai.

Litinin, 15 ga Yuli
An ɗauke wuta da tsakar rana, janareta ya ƙi tashi. Tarawut ba ya jure ruwan ɗumi, nan da nan suka fara juya ciki sama. Dokta tana can unguwar Ma'adi, wayarta a kashe. Na kira Yaya. Ban roƙe shi ba, cewa na yi ina son ƙanƙara, yanzu.
Sai ga shi da buhu a kafaɗa, jallabiya sharkaf, yana haki. Muka ƙulla a leda muka jera cikin ruwan. Wasu sun mutu, ya kwashe su da hannunsa. Sauran suka farfaɗo.
Ya daɗe yana leƙensu. "Waɗannan 'yan mitsil-mitsil ɗin ne masu riƙon?"
Na ci gaba da jera ƙanƙara.

Juma'a, 19 ga Yuli
A gabana Yaya ya kira Baba. Ya ce, "Humaira lafiya lau. Riƙon marayu take yi." Baba ya sa albarka.
Ban yi masa godiya ba, ai shi ya fara. Na dai karɓi jallabiyar na wanke, ƙarnin kifi take yi. Maganar nasabar nan kuma, gobe zan ce ya tambayo mini malaminsa. Don in sani ne kawai.